Canjin Diraya a Firjin Lemo na Shago

A bayan yawancin firjin lemo na shago, irin mai ƙofar gilashi da ake jera kwalabe da ruwan leda a ciki, can ƙasa kusa da kwamfureso, akwai wani guntun bututun jan ƙarfe mai kaurin babban yatsa, tsawonsa bai fi santimita 10 zuwa 12 ba, an tsuke bakinsa gaba da baya. Masu gyara suna ce da wannan guntu diraya, wasu kuma filta. Diraya ba ta motsi, ba ta ƙara, ba ta cin wuta, kuma a duk kayan firij da wuya a sami abin da ya fi ta araha. Aikinta biyu ne: ta tare dattin da ke yawo cikin gas, ta kuma shanye laimar da ta maƙale a cikin bututu. Duk ranar da ta gaza a ɗayan biyun nan, sanyi zai ɗauke, in kuwa aka ci gaba da sakaci, kwamfureso ne zai ƙone.

Kafin a gane dalilin haka sai an bi hanyar da gas ke bi. Kwamfureso yana matsa gas, ya tura shi da zafinsa zuwa kwandensa, wato bututun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da fanka ke hura wa iska. A nan gas yake sakin zafi ya koma ruwa. Ruwan gas sai ya ratsa diraya ya faɗa kafilari, wani siririn bututu mai tsawon mita biyu ko fiye, wanda faɗin raminsa bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. A ƙarshen kafilari matsi yake faɗuwa farat ɗaya, ruwan ya kama tafasa a cikin bututun sanyi da ke cikin firij, yana zuƙe zafin kwalabe, sannan ya koma wa kwamfureso a matsayin tururi. Gas ɗin R134a, alal misali, yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili idan babu matsi a kansa. An ajiye diraya daidai ƙofar kafilari saboda nan ne wuri mafi ƙunci a duk tafiyar, kuma ɗan ɓurɓushin da ido ma da ƙyar zai gani ya isa ya toshe shi.

In aka tsaga tsohuwar diraya za a ga raga a kowane baki, ta wajen fita ta fi laushi, a tsakiya kuma wasu ƙwayoyi kamar na gero, farare ko masu ruwan toka. Ƙwayoyin nan an yi su ne da wani sinadari mai suna ziyolait. Jikinsu cike yake da ramuka ƙanana ainun, waɗanda aka auna daidai yadda ƙwayar ruwa za ta shige ta maƙale, amma ta gas da ta mai su kasa shiga saboda girmansu. Da nauyin ƙwayoyin ake sayar da ƙananan diraya: akwai mai giram 10, mai 15, mai 20, mai 30. Ko a yanayi mafi kyau, ruwan da suke iya riƙewa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu ba, wato diraya mai giram 15 ba ta ɗaukar fiye da kusan giram uku na ruwa. Da ta ƙoshi, shi ke nan, ba ta ƙara shan komai. Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, zafi yana sa ƙwayoyin su amayar da ruwan da suka sha. Kusan duk ƙa'idojin canjin diraya daga waɗannan halaye biyu suka fito.

Ɓarnar da laima ke yi

Laima tana shiga firij ta hanyoyi da dama. Takan shiga yayin da aka yanke bututu aka bar shi a buɗe, musamman da damina lokacin da iska ke ɗauke da danshi. Takan shiga ta wurin yoyo a ɓangaren da matsi yake ƙasa, inda maimakon gas ya fita, iska ce ake zuƙowa ciki. Takan biyo gas na jabu, ko tiyon geji, wato ma'aunin matsi, da ba a kore iskar cikinsa ba. Da zarar ta fi ƙarfin diraya, sai ta bi ruwan gas har ƙarshen kafilari, inda sanyi ya fi tsanani, ta daskare ta zama ƙanƙara ta rufe hanya.

Wannan ɓarnar fili ce. Ta ɓoye ta fi muni, kuma tana da alaƙa da tarihin gas ɗin kansa. Tsofaffin firij suna amfani da R12 ne tare da man ma'adinai, wanda bai cika shan ruwa ba. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta hana irin wannan gas saboda yana cinye rigar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, aka ba ƙasashe masu tasowa, ciki har da Nijeriya da Nijar, wa'adin 2010 su daina. R134a da ya maye gurbinsa ba ya tafiya da tsohon mai, sai da wani man haɗi da ake kira POE, shi kuwa wannan mai yana zuƙar laima daga iska da sauri ƙwarai. Idan ruwa ya haɗu da shi cikin zafin kwamfureso, sai ya rikiɗa ya haifar da asid. Asid ya cinye fentin da ke jikin wayoyin kwayil na kwamfureso, ya ci ƙarfe, ya tara wani baƙin kwaɓi mai danƙo da ke bin bututu yana liƙewa a raga da kafilari. Ba rana ɗaya abin ke faruwa ba. Firij zai yi ta aiki na watanni bayan gyara, sannan wata rana kwamfureso ya yi shiru, mai shago ya ɗora laifin a kan wutar lantarki, alhali ciwon tun ranar da aka rufe bututu da laima a ciki ya fara.

Sauyin gas ya shafi irin ƙwayoyin da ake zubawa a diraya. Waɗanda ake kira XH-5 na zamanin R12 ne, ba su dace da R134a ba. XH-7 da XH-9 aka yi domin sabbin gas, kuma XH-9 tana tafiya da R134a da R600a da R290 duka. Tun bayan gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016, wanda ya nufi rage gas irin R134a saboda ɗumamar yanayi, sabbin firjin lemo da yawa suna zuwa ne da R290, kuma wannan gas ne mai kama wuta.

Gane cewa diraya ce

Abin takaici, jumlar da aka fi ji idan firij ya daina sanyi ita ce "gas ya ƙare." Gas ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, domin a rufe yake zagayawa. Ko dai ya zube ta wani rami, ko kuma yana nan daram amma hanya ta toshe. Wanda ya ƙara gas a kan toshewa ya ƙara wa kwamfureso kaya ne kawai.

Toshewar ƙanƙara tana da alama mai sauƙin ganewa. Firij zai yi sanyi na ɗan lokaci, sannan sautin nan na tsiyayar gas a bututun sanyi ya ɗauke, raɓar da ta fara kamawa ta narke, kwamfureso kuwa yana ta gudu. A kashe shi na awa ɗaya ko biyu, a kunna, sanyi ya dawo, can kuma ya sake ɗaukewa. In aka ɗora tsumma mai ɗumi a inda kafilari ya shiga bututun sanyi aka ji sautin ya dawo, to babu shakka laima ce. Toshewar datti ba ta zuwa tana komawa, in ta kama ta kama. A nan hannu ne yake ba da labari: lafiyayyar diraya ɗuminta ɗaya ne daga baki zuwa baki, amma wadda ta fara toshewa za a ji bakin shiga da ɗumi, bakin fita da sanyi, wani lokaci har da gumi ko farar raɓa a jikinsa, domin gas ya fara tafasa tun a can maimakon ya jira ƙarshen kafilari. A geji kuma, allurar ɓangaren tsotso, wato inda tururi ke komawa kwamfureso, za ta sauka ƙasa da sifili, kwamfureso ya rage cin wuta, kuma in aka kashe firij allurar ba ta saurin hawowa. Idan yoyo ne, allura takan hawo da wuri amma ta tsaya ƙasa da inda ya kamata, kuma sau da yawa akan ga tabon mai a inda ramin yake.

Ko da ba a ga ɗaya daga cikin alamun nan ba, ƙa'idar sana'a guda ce: duk lokacin da aka buɗe bututun firij, ko don canjin kwamfureso, ko toshe yoyo, ko sauya kafilari, to a sa sabuwar diraya. Tsohuwar ta riga ta sha abin da za ta sha, iskar da ta shiga lokacin gyara kuma ta ƙarasa cika ta. Sabon kwamfureso a kan tsohuwar diraya asarar kuɗi ce da gangan.

Yadda ake aikin

Farkon abin dubawa shi ne ɗan allon da ke manne a jikin firij, wanda ke nuna irin gas da nauyinsa da giram. Daga nan ake sanin irin dirayar da za a saya da irin hattarar da za a yi. An fi son mai baki uku, wato mai ɗan ƙarin bututu a gefe, domin za ta yi amfani wajen zuƙe iska. A manyan firij masu ƙofa biyu ko uku akan tarar da diraya ta ƙarfe mai kibiya a jiki da lamba irin 032 ko 052 ko 083, inda lambobi biyun farko ke nuna girman cikinta, ta ƙarshe kuma kaurin bututun da za ta hau. Kamfanin Danfoss, misali, yana da nau'in DML mai zallar ƙwayoyin shan laima, da nau'in DCL da aka haɗa wa sinadarin kama asid. Kowace iri ce, toshen robar da ke bakinta ba a cire shi sai lokacin ɗorawa. Dirayar da ta kwana a buɗe a akwatin kayan aiki, ko aka rataye ta a shagon sayarwa ba murfi, ta gama aikinta tun ba a sa ta ba.

Sai a cire firij daga wuta, a fitar da gas. R134a kamata ya yi a zuƙe shi cikin tukunya da injin da aka yi don haka, ba a sake shi cikin iska ba. R290 da R600a kuwa su ne ke buƙatar natsuwa. R290 yana kamawa idan ya kai kusan kashi 2 zuwa 9.5 cikin ɗari na iska, kuma ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya. A fili ake aikinsa, nesa da janareta da murhun mai shayi da mai shan sigari, kuma ba a kusantar da wutar walda sai an zuƙe bututu an kuma wanke shi da naitirojin, domin man kwamfureso yana riƙe da sauran gas yana sakinsa a hankali.

Tsohuwar diraya yanke ta ake yi, ba a narkar da waldarta da wuta. A nan ne masu gyara da yawa suke kuskure, domin zare ta da wuta ya fi sauri kuma ba ya rage tsawon bututu. Amma harshen wuta yana dafa ƙwayoyin ciki, duk ruwan da suka tara na shekaru ya tashi tururi ya koma cikin kwandensa da kafilari, garin neman gira a rasa ido. Ɓangaren kwandensa da abin yankan bututu mai juyawa ake yanke shi, ba da zarto ba, saboda garin ƙarfe. Kafilari kuwa akwai almakashinsa na musamman. In babu, sai a zaga shi da bakin zarto mai laushi a yi masa zane, a lanƙwasa shi gaba da baya har ya karye da kansa, ramin ya fito a zagaye. Filaya tana matse bakin, ta rage hanyar da dama can ƙarama ce. Ana yanke 'yan santimita kaɗan daga bakin kafilari domin a nan datti ya fi taruwa, amma ba da yawa ba, tunda tsawonsa a aune yake.

Kafin a ɗora sabuwa, a hura naitirojin ta kafilari da kwandensa a tabbatar hanya a buɗe take. Idan man da ya fito baƙi ne mai warin ƙuna, to kwayil ya ƙone, kuma sai an wanke bututun gaba ɗaya, in ba haka ba sabuwar diraya za ta cika cikin 'yan kwanaki.

Wajen ɗorawa, faffaɗan baki yana kallon kwandensa, tsukakken yana karɓar kafilari, kuma a karkatar da ita yadda bakin kafilari zai kalli ƙasa, domin ruwan gas ya taru a ƙofarsa ba tururi ba. Zurfin da kafilari zai shiga shi ne wurin da gwaninta ke bayyana. Kimanin santimita ɗaya da rabi ya isa. In ya wuce haka zai tokari raga, ya toshe kansa ko ya huda ta ƙwayoyi su biyo shi. In bai kai ba, narkakkiyar walda za ta gangara ta rufe bakinsa. Ƙwararru sukan auna su yi alama, ko su ɗan lanƙwasa kafilarin a daidai wurin don kada ya zarce. Ana naɗe cikin diraya da jiƙaƙƙen tsumma, a bar naitirojin yana ratsawa kaɗan-kaɗan yayin walda, saboda jan ƙarfe in ya yi zafi cikin iska yana yin baƙin ɓawo a ciki, ɓawon kuma kai tsaye raga yake nufa. Harshen wuta a kan kaurin diraya ake ɗora shi, ba a kan kafilari ba, don siririn bututu nan da nan yake narkewa. Jan ƙarfe da jan ƙarfe sandar walda ta gama-gari mai fosfaras ta wadatar, amma inda kwandensa ta baƙin ƙarfe ce sai sanda mai azurfa da hodarta, domin mai fosfaras a kan baƙin ƙarfe tana yin haɗi mai gautsi da ke tsagewa daga baya.

Bayan walda sai gwajin yoyo: a cika da naitirojin gwargwadon matsin da allon firij ya yarda, a shafa kumfar sabulu a kowane haɗi, a zuba ido. Ba a taɓa yin wannan gwaji da iskar oksijin, ko da tukunyarta ce a kusa saboda walda. Oksijin mai matsi in ya haɗu da mai yana fashewa, kuma an rasa rayuka ta wannan hanya. Iskar injin mai faci ma ba ta halatta ba, domin laima ce ake turawa ciki tare da ita.

Zuƙe iska da zuba gas

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci. Injin bakyum ba iska kaɗai yake fitarwa ba, yana rage matsi ne har ruwan da ke cikin bututu ya tafasa ba tare da wuta ba, ya fita a tururi. Matsin iskar duniya maikiron 760,000 ne. Sai an sauko kusan 25,000 kafin ruwa ya fara tafasa a zafin ɗaki, kuma abin da ake nema a aikin firij shi ne 500. Allurar geji ta yau da kullum ba ta iya bambanta waɗannan biyun, duka a ƙarshen ma'auni take nuna su, shi ya sa ake da ma'aunin maikiron na daban. In aka kai 500 sai a rufe bawul a jira. Lambar da ta yi ta hawa ba tsayawa, yoyo ne. Wadda ta hau ta tsaya a wani wuri, sauran laima ce, a ci gaba da zuƙa. Amfanin diraya mai baki uku a nan yake: ana zuƙa ta ɓangare biyu lokaci guda, maimakon a jira duk iskar kwandensa ta bi ta ramin kafilari.

Dabarar da ta yaɗu ta barin kwamfureson firij ya kori iska da kansa ta bakin diraya, ko a ɗan fesa gas a ce an wanke, tana rage iska amma ba ta taɓa ruwan da ya shige cikin mai. Tsohon kwamfureso da aka mayar injin zuƙa ma ba ya kusantar zurfin da ake buƙata. A irin wannan aiki, sabuwar diraya ce ake bar wa duk nauyin, kuma an riga an ga ɗan ruwan da take iya ɗauka.

Gas da sikeli ake zuba shi, daidai giram ɗin da ke kan allo. Firij mai kafilari ba shi da wurin ajiye rara. An daɗe ana ƙayyade R290 a irin waɗannan firij a giram 150, kafin ƙa'idar duniya ta ɗaga iyakar zuwa 500 a 2019, kuma yawancin na shaguna suna ƙasa da tsohuwar iyakar, don haka kuskuren giram 10 ma yana sauya aikinsu. In ya yi yawa za a ga raɓa ta biyo bututun tsotso har jikin kwamfureso, in ya yi kaɗan bututun sanyi ba zai kama duka ba. Gas ɗin girki ba ya maye gurbin R290 ko R600a duk da danginsu ɗaya, saboda yana ɗauke da laima da sinadarin wari da sauran gauraye. Bayan an zuba sai a matse bututun zubawa a rufe bakinsa, a sake bin sa da kumfa, a bar firij ya yi aiki har ya kai sanyin lemo, wajen digiri 3 zuwa 5, ya yanke da kansa.

Sabuwar diraya ba za ta daɗe ba in ba a kawar da abin da ya kashe tsohuwar ba. A ƙasar Hausa babban mai laifi ƙura ce. Hunturu yana cika haƙarƙarin kwandensa da ƙura da zare har iska ta kasa ratsawa, sai bazara ta zo da zafin da kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maraɗi da Kano, kwamfureso ya yi ta dahuwa, mai ya ƙone ya zama baƙin gari ya nufi raga. Share kwandensa da buroshi a kai a kai, barin tazara tsakanin firij da bango, da jinkirta kunnawa na minti biyar bayan an ɗauke wuta ko an koma janareta, duk suna cikin gyaran. Firjin da kamfanin lemo ya ba shago aro kuwa, masu gyaran kamfanin ya kamata a kira, domin wasu irin waɗannan firij suna aiki da gas mai matsin da ya fi ƙarfin kayan aikin gama-gari.

Mai shago ba sai ya iya walda ba kafin ya san an yi masa aikin kirki. Haƙƙinsa ne a nuna masa tsohuwar diraya a yanke, ya ga sabuwar da toshenta kafin a buɗe, ya ga injin bakyum ya yi aiki na aƙalla rabin awa, ya ga an ɗora tukunyar gas a kan sikeli. Mai gyaran da ya zo babu waɗannan kayan, gara a ba shi kuɗin mota ya koma ya ɗauko su kafin ya taɓa bututu.